Ku Tambayi Anti: Saƙa a Gadon Jinya

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Wannan watan wasiƙu huɗu na zaɓo kuma duk kan abu ɗaya suke, ba shiryawa nayi ba, tunda na ɗan taɓo zancen kwarashina a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa kamar an kunna famfo, ashe masu jinya a gida suna nan da yawa suna ƙirga sandunan rufin ɗaki. Masu tambaya kan rikicin dangin miji ku ƙara haƙuri, naku na nan tafe in sha Allahu.

TAMBAYA TA FARKO

Anti barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce shekarata 34, yau sati uku kenan da aka yi min aikin ƙarin mahaifa, an yanka ni a ƙasan mara irin na masu haihuwa, alhamdulillah aiki yayi kyau ciwon ya bushe, yanzu ina gidanmu wajen Mama ina jinya. Matsalata Anti zaman nan ya ishe ni wallahi, ni malamar firamare ce na saba fita tun bakwai na safe ina ta haƙilo da yara, yanzu daga kwanciya sai danna waya, kuma in na ɗauki wayar sai in tsinci kaina ina karanta labarin waɗanda ƙarin ya dawo musu ko waɗanda aka yi wa aikin kuma har yau shiru, ni kuma shekarata 8 da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, sai dare yayi in ta kuka ba wanda ya sani. Ƙanwata ce ta siyo min zare da kwarashi tace in koyi saƙa ko na rage tunani, Mama na gani ta ƙwace ta kai ɗakinta, wai ba a yi wa mai ɗanyen ɗinki haka, sunkuyo zai buɗe ɗinkin kuma idona zai mutu tunda na zubar da jini. Dan Allah gaskiya ne? In ba gaskiya bane ta ina zan fara, ni ko riƙe kwarashi ban iya ba. Sannan zan iya maida shi sana'a tunda hunturu ya kusa?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya

AMSA

Wa'alaikis salam ƙanwata, sannu da jiki, Allah yasa kaffara ne, ya kuma ba ki masu albarka. Ki gaida min Mama, kuma kar ki kuskura ki kai mata mujallar nan kice ga shi Anti tace ba ki da gaskiya, don ba haka zan ce ba, rabin maganarta daidai ne. Wanda aka yanka a ciki, fatar waje takan haɗe cikin kwana goma zuwa sati biyu, amma naman ciki da aka ɗinke hawa-hawa sai ya kai wajen sati shida kafin ya fara ƙwari, shi yasa likitoci suke hana ɗaukar nauyi, ba bokitin ruwa ba daka ba jan guga ba goyon ɗan maƙota. Yunƙuri ake gudu. To kwarashi kuma nauyinsa nawa, ko cokalin shayi bai kai ba, yatsu da wuyan hannu ne suke aikin, mara ba ruwanta. Inda Mama ta taɓo gaskiya shi ne sunkuyon, don sabon shiga yakan dunƙule ne kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, hanci har ya kusa taɓa zare, kuma in kika yi awa guda a haka ba ɗinkin ne zai buɗe ba, wuyanki da bayanki ne za suyi tsami marar ma ta ɗaure. Maganinsa filo ne kawai, ɗaya a bayanki ki jingina sosai, ɗaya a kan cinya ki ɗora gwiwar hannu, sai aikin ya taso wajen idonki maimakon ke ki gangara wajensa.

Batun ido kuwa, aikin kusa yana gajiyar da ido amma ba ya kashe shi, wayar da kike dannawa cikin duhu ma ta fi saƙa wahalar da shi. In kina ganin jiri ko dishi-dishi in kin miƙe, wannan ba laifin zare bane, sau da yawa ƙarancin jini ne, kuma masu ƙarin mahaifa dama da yawansu da ƙarancin jinin suke shiga ɗakin aiki saboda jinin al'ada mai yawa da suka daɗe suna zubarwa. Ki sha maganin ƙarin jinin da aka rubuta miki har ya ƙare, kar ki ajiye don kawai yana baƙanta bayan gida, ki ci hanta da wake da zogale da alayyahu, in kin koma asibiti ki ce a sake auna jinin. Saƙar kuma da rana za ki yi a bakin taga ko a inuwar tsakar gida, ba da fitilar waya ba.

Ni ma a gadon jinya na koya. An cire min mahaifa shekarun baya, na dawo gida ina ganin rayuwa ta gama da ni, ba na son 'yan dubiya ba na son rediyo. Wata maƙociyarmu dattijuwa da ta koyi saƙa tun tana makarantar kwana ita ce take shigowa kullum bayan la'asar, ba ta cewa komai sai sannu, ta zauna a bakin gado ta fito da zarenta daga leda tana ta yi ni ina kallon bango. Rana ta huɗu ko ta biyar sai kawai ta miƙo min tace riƙe min nan zan gyara ɗankwali, ɗankwalin da har magariba ba ta gama gyarawa ba. Abu na farko da na saƙa hula ce wai, na yi ta ƙara ido, wato madaukin zaren nan da ake ƙirgawa a saƙa, ban san inda ake tsayawa ba, hula ta baje ta zama faifai, babu kan ɗan adam ɗin da za ta zauna a kai, har yau tana kicin ɗina ina rufe kwanon fura da ita. Amma ranar da na gama ta ita ce ranar farko da nayi barci ban farka tsakar dare ba, dalili kuwa duk yinin bakina yana ƙirga ɗaya biyu uku, kuma zuciyar da take ƙirge ba ta da sararin zuwa yawon tunanin abin da zai faru nan da shekara biyar. A 2013 wata mujallar Birtaniya ta masana warkar da majinyaci ta hanyar ba shi abin yi ta buga sakamakon tambayoyin da aka yi wa masu saƙa 3,545 daga ƙasashe daban-daban, aka ga waɗanda suka fi yawan yi sun fi cewa suna samun natsuwa da farin ciki. Ni dai nakan ce ai masu son abin aka tambaya, in ka tambayi mashaya shayi ma haka za su ce, amma abin da suka faɗa ya zo daidai da abin da na gani a jikina.

Yanzu ga abin da ni nake tsoro, wanda Mama ba ta ambata ba. Saƙa tana da daɗi kuma tana da ɗaure mutum wuri ɗaya, za ki ce bari in ƙarasa wannan layin sai ki ji ana kiran sallah. Wanda aka yi wa babban aiki kuma jininsa yana saurin daskarewa a jijiyar ƙafa in yana yawan zama, makonni da dama bayan aikin, kuma gudan jinin nan in ya ɓalle yana iya tafiya huhu, abin ba wasa bane. Zama wuri ɗaya tsautsayi in ji kifi. Don haka minti ashirin ko talatin ki ajiye, ki tashi ki zaga tsakar gida, ki sha ruwa, ki kalli nesa idonki ya huta, ko kina zaune ki dinga motsa tafin ƙafa sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki, kar ki harɗe ƙafa. In kika ga sha-raɓarki ɗaya ta kumbura tana ciwo ko tayi zafi, ko numfashi ya fara yi miki wuya ko ƙirji ya riƙe, ba batun shafa man zafi bane, asibiti za ki tafi a lokacin ko tsakar dare ne. Haka in wurin ɗinkin yayi ja ko yana fidda ruwa mai wari ko zazzaɓi ya rufe ki.

Farawa kuma ba wuya. Gara da ƙanwarki ta kawo kwarashi ba kibiya biyu ba, don a kwarashi ido ɗaya ne tak a kan ƙugiyar, duk sanda kika gaji ki ajiye ba abin da zai zube, saƙar kibiya kuwa in ta suɓuce miki idanu ashirin ne za su gudu lokaci guda sai ki ji kamar ki yi jifa da ita. Ki duba jikin kwarashin akwai lamba, mai 4 ko 5 ya fi wa sabon hannu, ƙananan nan na saƙar leshi ki bar su sai gaba. Zaren ya zama mai ɗan kauri mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙwai, banda baƙi banda mai gashi-gashi, don ba za ki ga inda za ki soka ba. Ranar farko sarƙa kawai za ki yi, ki yi doguwa ki warware ki sake, har sai idanun sun fara fitowa kai ɗaya. Kar ki shaƙe zaren, duk sabon shiga yana ja kamar da faɗa, shi ke kawo ciwon yatsa kuma kwarashin ya ƙi shiga a layi na gaba. Kuma ki ƙirga kowane layi, in kin fara da ido ashirin ki tabbata ashirin kika ƙare da su, in ba haka ba mayafin wuya za ki fara ki ƙare da tuta mai kusurwa uku. Akwai bidiyoyi a YouTube har da na Hausa, amma ke da waya ce take kai ki inda ba kya so, ki sa ƙanwarki ta sauke miki biyu ko uku ki kashe data. Wanda ya fi duka dai a samo miki mace mai rai ta zauna kusa da ke, ba unguwar da ba a rasa wadda ta iya, kuma ban cire ran Mama da kanta ta iya ba, matan zamaninsu da yawa sun yi saƙa, ki gwada ce mata ta nuna miki yadda ake kama zaren ki ga ko zaren da kwarashin da ta ƙwace ba za su fito daga ɗaki ba.

Wata magana tsakanina da ke. Kowa zai ce miki ki saƙa kayan jarirai don su suka fi tafiya, hula da safa da shawul. Ke kika san zuciyarki, in kin ga zai sa ki farin ciki bismillah, amma ni da zan zaɓar miki da jakar waya ko abin ɗora kofi ko hular sanyi ta Baba za ki fara, ba na so abin da aka kawo don ya raba ki da kuka ya zama safar jariri ce a hannunki ƙarfe biyun dare. Zancen yaushe za ki nemi ciki da ko ƙarin zai dawo, ki rubuta su a takarda ki kai wa likitan da ya yi aikin, shi ya ga mahaifar da idonsa, matan intanet ba su gani ba. In kuma kukan nan ya zarce sati biyu kullum, ba barci ba cin abinci ba kya jin daɗin komai, shi ma ki faɗa masa kamar yadda za ki faɗi ciwon mara, ana maganinsa.

Sana'a kuwa, wannan hunturun ba naki bane. Ana samu a saƙa amma ba da hannun wata ɗaya ba, shawul ɗaya na hannu kwanaki yake ci, masu keken saƙa su fitar da shi a yini, ga rigunan sanyi na gwanjo a bakin titi da araha. Kuma ranar da kika karɓi kuɗin mutum hutun ya ƙare, kwastoma ba ta san jinya ba, ita dai suna ranar Asabar ne. Keken saƙar ma in kina da niyyarsa sai bayan likita ya sallame ki, don tura shi dama da hagu da ƙugu da mara ake yi.

TAMBAYA TA BIYU

Salam Anti. Nasan filin nan mata sun fi yawa amma matata ce take siyan mujallar nima ina leƙawa. Ni magidanci ne shekara 41, hatsarin babur nayi cinyata ta karye aka sa min ƙarfe, likita yace kar in taka sai ya ba da izini, ga shago na bar wa yara. Maiɗakina tana saƙa, rannan ta shiga kicin ta bar kwarashin a kan gado na ɗauka da wasa, kafin ta fito nayi layi biyu, tayi dariya har da hawaye sannan ta gyara min riƙon, yanzu maganar da nake miki na gama hular sanyi ɗaya ina kan ta biyu kuma gaskiya ina jin daɗinsa fiye da kallon bal. Amma da naji sallamar abokai masu dubiya sai in cusa ƙarƙashin filo, rannan har kwarashin ya soke ni. Anti abin kunya ne namiji yayi wannan?

Daga wani magidanci a Gusau

AMSA

Malam sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, kuma ka daina cusa ƙarfe ƙarƙashin filo karaya ɗaya ta ishe mu. Wa ya ce maka zare na mata ne? Su waye masaƙa a ƙasar Hausa, waɗanda suke zama a gindin bishiya da ƙoshiya a hannu suna fitar da saƙi ƙwarya-ƙwarya, ba maza bane? Aska takwas ɗin da ke ƙirjin babbar rigar da kake sawa ranar sallah, asalinta malamai da almajirai ne suke zama da allura suna yi wata da watanni, a Kano har unguwa guda ake kira Soron Ɗinki. Saƙar kwarashi da ta kibiya ce kawai ta shigo mana ta hannun makarantun 'yan mata sai muka ɗauka tasu ce. Mafi tsufan kayan saƙar kibiya da aka tono a duniya safuna ne na auduga daga Masar, na wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, wasu ma har da rubutun Larabci a jiki. A ƙasar Peru akwai wani tsibiri Taquile a tafkin Titicaca, can maza ne kaɗai suke saƙar kibiya, yaro tun yana ƙarami yake koya kuma da kyan hular da ya saƙa ake auna shi, har UNESCO ta karrama sana'ar tasu a 2005. Sannan a yaƙin duniya na farko sojojin da aka kwantar a asibitocin Ingila da Amurka an dinga ba su aikin hannu irin su saƙa da surfani da kwando don hankalinsu ya dawo jikinsu, yana cikin tushen fannin nan na warkar da majinyaci ta hanyar ba shi abin yi. Kai da sojoji kuke layi ɗaya.

Abokai kuwa za suyi tsiya, wannan dole ne, kwana biyu ne, ranar da sanyin Janairu ya sauko wanda ya fi kowa dariya shi zai fara cewa a yi masa ɗaya mai rufe kunne. Da zaman banza gara aikin kishiya.

Abin da na gaya wa 'yar'uwarmu ta Zariya kan daskarewar jini ya fi shafarka, don aikin cinya da ƙugu suna kan gaba wajen kawo shi. In an ba ka maganin tsinka jini ka sha yadda aka ce, motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koya maka kar hula ta sa ka tsallake ko ɗaya, ƙashi zai haɗe amma in gwiwa ta sandare ita ce za ta daɗe tana ba ka wahala. Kar ka bari a zuga ka a kawo mai ɗori ya taɓa ƙafar da ke da ƙarfe a ciki, kar ka taka don kawai ka ji ciwo ya ragu. In kana shan taba wannan ne lokacin bari, tana jinkirta haɗewar ƙashi, ga shi dama hannun ya samu abin riƙewa. Kuma ka aika yara su siyo maka kwarashinka, ka sakar wa baiwar Allah nata.

TAMBAYA TA UKU

Anti dan Allah ki taimaka min da shawara. Mahaifiyata shekararta 58, wata biyu kenan da aka cire mata nono na hagu saboda ciwon daji, an taɓa har hammata. Jiki da sauƙi amma ta daina fita ko Islamiyya ba ta zuwa, in dole ta kama sai ta nannaɗe tsohon ɗankwali ta cusa a rigar mama, yana ta zamewa tana ta gyara hijabi. Na tambayi na roba da ake sayarwa kuɗin ya fi ƙarfinmu. Da ƙuruciyarta gwanar saƙa ce, inaso in siyo mata zare amma an ce mana kar ta wahalar da hannun zai kumbura, ya zan yi?

Daga 'yarta a Maraɗi

AMSA

'Yata Allah ya yi miki albarka, ya ba Hajiya lafiya mai ɗorewa. Kumburin da aka gaya muku gaskiya ne yana faruwa, in an cire 'yan ƙwayoyin kaluluwa na hammata ruwan jiki ba ya samun hanyar komawa yadda ya saba sai ya taru a hannu, kuma yana iya zuwa ko bayan shekaru. Amma ba a ce a rataye hannun a daina amfani da shi ba, barinsa ba motsi shi ke sandarar da kafaɗa, aiki mara nauyi ana so ma. Ta yi kaɗan-kaɗan, minti goma sha biyar ta huta, hannun a kan filo ba a reto ba, ta ɗaga shi sama ta dunƙule ta buɗe, ta ci gaba da motsa kafaɗar da aka koya mata. Abin kiyayewa shi ne rauni a wannan hannun, suka ko yanka ko ƙuna, don ƙwayar cuta tana saurin kama shi, saboda haka kibiya mai dakusasshen baki, almakashi kuma a hankali. In ta ji hannun yayi nauyi, ko zobe da warwaro sun fara matse ta, ko fatar tayi ja da zafi, ta ajiye ku koma asibiti.

Ga kuma abin da nake so ki kai mata. Ana saƙa nonon. Wallahi da zare, kuma yana kyau. Wata Ba'amurkiya Barbara Demorest da aka yi wa irin wannan aikin a 2011, wata ƙawarta ta saƙa mata ɗaya ta ji daɗinsa, shi ne ta kafa ƙungiyar Knitted Knockers, suna saƙawa suna rabawa kyauta kuma sun sa yadda ake yi a intanet kyauta, na kibiya da na kwarashi, har da bidiyo, yanzu abin ya kai Ruwanda da Kenya mata suna yi da kansu. Siffarsa kamar ƙaramar hula ce mai murfi a baya, a cika shi da audugar roba irin ta cikin filo, a bar 'yar kafa ta yadda za a ƙara ko a rage har ya zo daidai da ɗaya ɓangaren, sai a sa a rigar mama ta kullum. Ba nauyi, ba ya tara zufa kamar na roba wanda a zafin Maraɗi na watan Afrilu azaba ne, kuma ana wankewa. Sai dai zaren a kula, yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa na roba ne yana ƙaiƙayi, ki nemi na auduga zalla mai laushi, ki goga a wuyanki kafin ki biya. In ana yi mata gashin nan na asibiti na kashe ciwon daji a wurin ko tabon bai gama warkewa ba, ta tambayi nas ɗin kafin ta fara sawa.

Kar ki saƙa mata, kar ki ba wani ya yi. Ki nuna mata bidiyon ki ajiye zaren kusa da ita ki tashi ki ba ta wuri, gwana ce, kallo ɗaya za ta yi ta gane har ta ce ba haka ya kamata su rufe bayan ba. In na farko ya zauna, ranar da za ku koma ganin likita ta duba matan da ke kan benci tare da ita, nawa ne suke gyara hijabi.

TAMBAYA TA HUƊU

Anti kakarmu ce aka cire wa yanar ido kwana takwas da suka wuce, tun jiya take rigima a ba ta saƙarta wai jikanta zai yi suna, mu kuma mun ɓoye. Mu ba ta ko mu hana?

Daga wasu jikoki a Bauci

AMSA

Kallon abu kusa ba ya ɓata aikin yanar ido, sai dai ko kun ba ta yanzu da wuya ta ga idon saƙar sosai, don gilashin da ake sawa a cikin idon galibi na hangen nesa ne, sai ido ya zauna wajen sati huɗu zuwa shida ake auna mata tabarau na karatu. Abin da aka fi gudu a kwanakin nan shi ne murza ido, ruwa ko sabulu ya shiga, ƙura da hayaƙin murhu, sunkuyo ƙasa sosai da ɗaukar nauyi, kuma zare yana da burbushi, tsohuwa kuma da ta ji abu a ido hannu za ta kai. Ku bari ku koma ganin likita ku tambaya a gabanta ta ji da kunnenta, in ya amince ku ba ta zare mai kauri mai haske da rana, ku dinga ɗiga mata maganin a kan lokaci da wankakken hannu. In idon ya fara ciwo sosai ko yayi ja ko gani ya ragu, ranar za ku koma ba sai ranar da aka rubuta ba. Kafin nan ɗayanku ya zauna a gabanta da kwarashin ita tana ba da umarni, za ku sha faɗa amma hular za ta fito kafin suna.